Labarin Autarmu Mai Lalle a Sakkwato

Autar gidanmu ce ta ce in rubuta wannan, da sharaɗin kada in ambaci sunanta ko na ƙawayenta. Shekarunta 22, tana aji biyu a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, kuma tun tana aji biyar na sakandare take yi wa mata lalle. Na yarda ne saboda maganar da nake yawan ji a bakin manya, wai 'yan matan yanzu ba su da aiki sai latsa waya. Wanda ya yini da Auta zai ga abin da ke cikin wayar nan: jerin amaren da suka riƙe rana, lissafin adashe, hotunan zane, karatun makaranta, sannan fim da littafi.

Da kiran assalatu take tashi. Kafin rana ta ɗaga ta yi shara, ta wanke kwanukan dare, ta tare mai ruwa ya juye jarkoki a randa da baho. A bazara dole a yi haka da wuri, don daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, kuma da ƙarfe goma ta wuce tsakar gida ba ta takuwa babu takalmi. Ta sha koko da ƙosai, ta zura hijabi ta fita. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin Keke Napep da na kabu-kabu suka tashi, sai ita da ƙawayenta biyu suka koma haɗuwa a bakin titi suna takawa har inda mota ɗaya za ta kai su, maimakon hawa biyu. Asabar da Lahadi da safe na Islamiyya ne. Laraba da Alhamis da yamma kuwa na lalle ne, tunda yawancin ɗaurin aure tsakanin Juma'a da Lahadi ake yi.

A wurin kakarmu ta fara ganin ƙunshi, irin na da, wanda ake kwaɓa lalle a cusa hannu cikin zunguru a kwana da shi. Zanen fulawa kuwa wurin wata maƙwabciya ta koya, wata uku tana riƙe mata leda tana kallo kafin a bar ta ta taɓa hannun mutum. Yadda ta gyara hannunta shi ne ta zana fure a takarda, ta ɗora gilashi a kai, ta bi layin da kwaɓaɓɓen lalle, ta goge ta sake. Layi madaidaici, ɗigo, da'ira, ganye: waɗannan huɗu ta yi ta maimaitawa, don duk wani zane mai wuya daga cikinsu ake harhaɗa shi.

Ga yadda take kwaɓin jan lalle, kuma a nan ne masu koyo suka fi faɗuwa. Tana sayen gari a Tsohuwar Kasuwa, ta duba launinsa: mai kyau kore ne shar, yana ƙamshin ɗanyen ganye, wanda ya koma ruwan ƙasa ya daɗe a buhu, ba zai kama ba ko an kwana da shi. Tana tankaɗe shi sau uku, na ƙarshe da tsohon mayafi mai laushi da ta ɗaure a bakin roba, saboda tsinke ɗaya na ganye ya isa ya toshe bakin leda ana tsakiyar zane. Ga gwangwanin madara biyu na gari tana matse lemun tsami shida zuwa takwas, ta tace 'ya'yan, ta zuba kaɗan-kaɗan tana juyawa har kwaɓin ya yi kaurin kindirmo. Sai sukari cokali biyu, sai muhallabiya cokali ɗaya. Ta rufe da leda, ledar tana taɓa saman kwaɓin don kada iska ta shiga, ta ajiye a inuwa.

Lokacin da zai ɗauka kafin ya tsumu ya danganta da yanayi. A bazara awa uku zuwa huɗu sun isa. Da hunturu sai ya kwana. Gwajinsa ba wuya: ta ɗiga kaɗan a tafin hannu, bayan minti biyar ta goge, in ya bar tabo ruwan lemo mai haske to ya yi. In aka bar shi ya yini cikin zafin bazara ƙarfinsa ya tafi, sai a yi zane mai kyau a wanke a ga kamar ba a yi ba. Shi ya sa ba ta kwaɓa na kwana biyu lokaci guda, tunda wutar da za ta riƙe firij ba ta da tabbas. Sukarin ma ba a sa shi bai ɗaya duk shekara. Da hunturu iska busasshiya ce, lalle yana bushewa nan take ya farfashe ya zube kafin ya kama, don haka takan ƙara cokali ɗaya ya riƙe danshi. Da damina kuwa takan rage, in ba haka ba zanen ya narke ya malale, fure ya haɗe da ganye.

Ledar zane da kanta take naɗewa. Ta yanka leda mai ƙarfi murabba'i, kamar faɗin tafin hannu biyu, ta naɗe ta kamar mazurari, ta sa allura a tsinin don ramin ya tsaya daidai kaurinta, ta manne da salatif ciki da waje, sannan ta zare allurar. Ba ta cika ta fiye da rabi, don in ta cika sai ta fashe ta sama ko ta gajiyar da babban yatsa. Ranar amarya takan shirya goma, uku masu siririn baki na cikin fure, sauran na cike gurbi.

Kafin ta fara sai an wanke hannu da sabulu an bar shi babu mai, domin man shafawa yana shiga tsakanin lalle da fata. Amaryar da za a yi wa dilka da halawa, a gama su tukuna. In aka yi lalle kafin gyaran jiki, gurzar dilka za ta kankare shi. Daga sama take farawa ta gangaro zuwa yatsu don kada hannunta ya shafe abin da ta gama. Jan lalle yana son awa huɗu zuwa shida a jiki, a kankare shi da bayan cokali, kada a sa ruwa sai an jima sosai. Farkon cirewa ruwan lemo yake, sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu ya nuna ya yi jajir, shi ya sa take roƙon amare a yi ranar Laraba ko Alhamis in biki Asabar ne. Tafin hannu da na ƙafa sun fi kamawa saboda kaurin fatar wurin. Bayan hannu da damtse kullum sun fi haske, kuma tana faɗa wa mace haka tun kafin a fara don kada a ce hannunta ne. Masu son ƙafa ta yi baƙi irin na iyaye, bayan an cire lallen sai ta kwaɓa toka da gishirin lalle ta shafa na 'yan mintuna. Yana da yaji a hanci da ido, kuma in an bar shi ya daɗe yana cin fata, don haka a fili take yinsa tana tsaye a kai.

Jarirai ba ta sa musu lalle ko an roƙe ta ranar suna. Akwai yaran da ake haifa da wani rauni a jini wanda lalle ke iya farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini, kuma ba a gane su da ido.

Abin da ya fi girgiza ta a sana'ar nan ya faru ne da aminiyarta, wadda suka taso tare tun firamare, kuma Auta ce babbar ƙawa a bikinta. Amarya ta ce baƙi take so har gwiwar hannu. Baƙin lalle da ake yayi ba ganye ba ne, dayis ne, rinin gashi da ake kwaɓawa da haidirojin, yana kamawa cikin rabin awa ya yi baƙi wuluk. A cikinsa akwai sinadarin da likitoci ke kira PPD, wanda jikin wasu ba ya ɗauka. Auta ta yi mata ranar Laraba da yamma. Alhamis da dare amarya ta fara susa. Kafin asubahin Juma'a duk inda layin zane ya bi ya tashi ya yi ƙuraje masu ruwa, furen nan ya fito ɓaro-ɓaro a kumbure.

Uwar amarya da kanta ta zo gidanmu. Ba ta ɗaga murya ba, ta gaida Inna ta zauna, ta ce, "Hajiya, ku zo ku ga hannun ɗiyarku. Ban san mi anka sa mata ba." Auta na bayan ƙofa tana kuka. Inna ta ce, "Ke Auta, ɗauko mayahinki mu tahi."

A gidan an riga an kawo shawarwari: wata ta ce man shanu, wata ta ce man goge baki, wata ta ce a fasa ƙurajen da allura. Allah Ya sa ba a yi ko ɗaya ba. Aka wanke da ruwa mai yawa da sabulu mara ƙarfi aka tafi asibiti, likita ya ba da man shafawa da maganin ƙaiƙayi, ya ce kada a fasa, kada a rufe da leda. Ya kuma faɗi abin da Auta ba ta sani ba a lokacin: wanda jikinsa ya taɓa ƙin wannan sinadari ya ƙi shi ke nan har abada, ko rinin gashi ya shafa daga baya zai iya tayar masa. Ashe amaryar ta taɓa jin ƙaiƙayi bayan lallen wata salla, ba ta ɗauke shi komai ba, ba a kuma tambaye ta ba. An yi biki da dogon hannu da safar hannu ta leshi. Shatin zanen ya yi watanni kafin ya baje.

Auta ta mayar da kuɗin, ta biya na magani daga adashenta, kuma sati biyu kullum tana zuwa ɗakin amarya tana yi mata wanke-wanke da girki tunda hannun ba ya shiga ruwa. Abin da ya riƙe ƙawancen ke nan a ganina, don da ta tsaya aika ban-haƙuri ta waya da an rabu. Yanzu kafin ta buɗe dayis sai ta yi tambaya uku: kin taɓa yi, ya taɓa yi miki ƙaiƙayi, rinin gashi yana damunki? In amsar ɗaya ta zo da shakka, ja kawai za ta yi. Amare kuwa sai ta ɗiga kaɗan a cikin gwiwar hannu kwana biyu kafin ranar. Yara ba ta yi musu baƙi sam. Ni dai so nake ta bar dayis gaba ɗaya, domin gwajin ma ba ya kama kowa, wasu sai bayan sati ko fiye abin ke fito musu. Ita kuma tana cewa yawancin masu zuwa baƙi suke nema, in ta ƙi za su je inda ba a tambayar komai. Har yau ba mu daidaita a kan wannan ba.

Su shida ne ƙawayen na jiki: biyu daga makaranta, biyu daga Islamiyya, amaryar nan, sai wata 'yar unguwar Mabera mai ɗinki. Kowacce da abin hannunta. Ɗaya turaren wuta da humra, ɗaya cincin da dubulan, ɗaya saran mayafai da take ɗorawa a sitatus. Biki ɗaya yakan ciyar da su duka, domin wadda aka fara kira ita ke jawo sauran.

Adashensu na mutum goma ne, sun cika da 'yan ajinsu uku, zubin naira 2,000 duk Juma'a, mai kwasa ta ɗauki 20,000. Zagayen farko ya watse a sati na bakwai, saboda wata da ta kwashe na biyu ta daina zubi ta daina ɗaga waya, masu jiran ƙarshe suka tashi da giɓi. Daga nan suka sa ƙa'ida. Sabuwar shiga ita ce ta ƙarshe a kwasa. Uwar adashe ba ta cikin 'yan matan, yayar ɗaya daga cikinsu ce mai aure wadda ake jin nauyinta. Duk wadda ta tura kuɗi ta saka shaidar a zaurensu na WhatsApp kafin magariba, uwar adashe kuma ta rubuta a littafi, don waya tana lalacewa ko a sace ta. Wadda larura ta same ta, rashin lafiya ko kuɗin makaranta, tana iya musayar layi da wata in sun yarda a gaban kowa. Da kwasar farko Auta ta sayi fitila mai caji da kujera 'yar tsugunne mai jingina, don aikin amarya yakan kai awa shida kuma baya ne ke fara gazawa.

Anko ne ya fi kawo ɓacin rai tsakaninsu, fiye da maganar samari nesa ba kusa ba. A watan da bukukuwa suka yi yawa, kamar bayan ƙaramar salla, mace ɗaya za a iya kawo mata anko uku, kowanne turmi guda na atamfa ga kuɗin ɗinki ga mayafi. Wadda ba ta yi ba a ce ba ta ɗauki amarya da daraja ba. Sun zauna sun yanke cewa a bikin kowaccensu anko ɗaya ne tak, atamfar da kowa zai iya saye, kuma mutum biyu na iya raba turmi, yadi uku-uku, a yi doguwar riga. Gudummawa kuwa ana rubutawa, domin biki rance ne, abin da aka kawo miki shi za ki mayar ko ki ɗara. Gudummawar Auta lallen amarya ne kyauta.

Ga sauran mutane ba ta riƙe rana sai an ba da kafin alƙalami, rabin kuɗin aiki. Ta koyi haka ne bayan ta kwaɓa lallen mutum takwas aka kira aka ce an ɗaga biki. Hoton aiki kuma ba ta ɗauka sai ta nemi izini, hannu kawai ko ƙafa, babu fuska, kuma ba ta sakawa sai an kai amarya ɗakinta.

Sai maganar kallo, wadda ita ce ake yi mata faɗa a kai. Tana bin fina-finan Hausa masu dogon zango da ake saki mako-mako a YouTube, da na tashar Arewa24, da na Indiya masu fassarar Hausa, kwanan nan kuma ƙawayen makaranta sun ja ta cikin na Koriya da na Turkiyya. Ba ta kallo kai tsaye, don data ba ta kai wata. Takan sayi ta dare mai rahusa ta sauke a ƙaramin inganci, 360, wanda a fuskar waya ba ya da laifi kuma bai kai rabin abin da 720 ke ci ba. Sun raba aikin: kowacce da shirin da take saukewa, in sun haɗu a tura wa juna ta Xender babu ko kwabo. Abin da ya yi tsawo sosai sai a kai memori shagon masu turi a cika. A bazara ba ta caji tana kallo, kuma ba ta barin wayar ƙarƙashin matashi, don batirinta na farko haka ya kumbura ya ɗaga murfin.

Daga fina-finan Indiya take samun rabin zanenta. In an nuno hannun amarya sai ta tsayar, ta ɗauki hoton fuskar wayar, ta kwafa a littafin zane. Amma ba ta ɗora shi yadda yake. Zanen Indiya a cike yake maƙil, siraran layuka babu fili, yana cin lokaci kuma daga nesa sai ya zama duhu ɗaya. Matan nan sun fi son manyan furanni irin na Larabawa da Sudan, da fili tsakaninsu, da kan yatsu a rufe. Sai ta ɗauki tsakiyar tafin daga can, ta buɗe sauran.

Littattafan Hausa kuwa a waya take karanta su. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, in labari ya kama ki sai ki biya a saka ki a zauren da ake ci gaba. Auta tana biya, kuma ba ta tura wa kowa, ko ƙawayen nan shida. Ta ce wadda ta san zafin a kwafi zanenta a ce na wata ne ba za ta raba wahalar marubuciya a banza ba. Waɗanda ake karantawa da murya sun zame mata kayan aiki. Amarya ba ta iya zama awa shida hannu a miƙe ba ta motsa ba, ga waya tana ta ƙara ba damar ɗauka. Sai Auta ta kunna littafi a ƙaramar sifika ta ajiye a tsakiya, ɗaki ya yi tsit, in an zo inda kishiya ta yi abin haushi a ɗan yi gardama a ci gaba. In akwai iyaye a ɗakin takan canza zuwa waƙoƙin bege ko na makaɗan fada masu kotso da taushi, waɗanda Baba ya cika mata memori da su. TikTok tana da shi, hannunta kawai ake gani a ciki yana zane, sharaɗin da Baba ya gindaya ke nan kuma ba ta taɓa ƙetare shi ba. Satin jarrabawa takan miƙa wa Inna memorin fina-finan ta ajiye a ƙasan adaka.

Jajibirin salla ne ranarta mafi tsawo. Tun daren da ya gabata ta tankaɗe gari ta naɗe leda ashirin. Da hantsi zauren gida ya cika, sai ta yanka kwali ta rubuta lamba ta raba, don shekarar da ba ta yi haka ba saura kaɗan a yi dambe a kan layi. Yara ja ne kawai, fure ɗaya a bayan hannu da kan yatsu, minti goma kowacce, a zaunar da su a tabarma hannu a sama, 'yar mai cincin tana gadinsu kada su sosa ido. Manya sai bayan la'asar. Mai turare tana karɓar kuɗi tana rubutawa, mai ɗinki in ta gama nata takan zo da dare ta riƙe fitila. Ba a tashi sai wajen ƙarfe biyu.

Nata lallen shi ne na ƙarshe. Hannun hagu takan zana da kanta da ragowar leda. Na dama kuwa aminiyar nan tata ce ke yi mata, wadda har yanzu in an duba da kyau ana ganin ɗan shatin fure a damtsenta. Ba ta iya fulawa ba, don haka salatif take yankawa ta manna, ta cike tsakanin da jan lalle, ta ɗaure hannun da leda, sannan ta kira mijinta ya zo ya ɗauke ta.